Rasuwar Maigadi, Wanda “Babu” Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da nake ta haɗiyewa, nake sanar da abokan aiki na hawa na biyu rasuwar Maigadi, manhajar da na gina da hannuna, na kuma yi renonta kamar ɗan cikina. Ya cika da safiyar Talata a ɗakin taro, a gaban shaidu, ba tare da ya yi ko tari ba.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, aikinsa ɗaya ne. Ofishin nan yana da 'yan aike na ƙirƙirarriyar basira, manhajojin da ke shiga intanet su yi mana odar kaya su kuma nemo bayanai. Kafin ɗan aike ya shiga kowane shafi, sai ya miƙa wa Maigadi adireshin. Shi kuma ya duba jerin shafukan 'yan damfara, ya amsa da kalma guda. In shafin yana cikin jerin, ya ce “akwai”. In ba ya ciki, ya ce “babu”. Iyakar maganar da muka taɓa ji daga bakinsa ke nan.

Marigayin mai gaskiya ne, ba ya gulma, ba ya neman hutu. Ko lokacin da mai shara ta cire wayarsa ta saka butar shayi, da aka mayar da ita ya ci gaba da aiki, bai riƙe ta a zuci ba.

Ciwon ajalinsa ba a jikinsa yake ba, a takardar bayaninsa yake, wadda 'yan aike ke karantawa su san yadda za su yi hulɗa da shi. Wani babba ne ya ce shi zai rubuta ta, don a cewarsa alƙalaminsa ya fi nawa daɗi. Ba zan ambace shi ba, ina da iyali. Zan dai ce ofishinsa ne mai shuɗin labule. Abin da ya rubuta, daga farko har ƙarshe, shi ne a ba Maigadi adireshi, idan ya ce akwai to akwai, idan ya ce babu to babu.

To, babu me? Ɗan aiken da ke nemo bayanai ya ɗauka babu matsala ce, ya yi ta aikinsa lafiya. Ɗan'uwansa mai yin oda kuwa, sarkin taka-tsantsan, ya ɗauka babu shiga ce, akwai kuma akwai hanya. Bawan Allah ya ƙaurace wa duk shafin kirki, har da na kamfaninmu, ya koma hulɗa da ɓarayi zalla cikin ladabi da biyayya. Tawadar firintar da ya yi oda har yau muna jiranta, kujerun da suka iso kuwa na 'yar tsana ne.

Sai aka kira mai tantancewa, wata baiwar Allah mai tabarau da sanyin murya. Ta gwada Maigadi ciki da waje, ta same shi garau. Sannan ta buɗe takardar bayanin, ta juya bayan takardar tana neman sauran. Ta tambayi ina misali, ina bayanin yadda ake rubuta adireshin, me ɗan aike zai yi in Maigadi ya yi shiru, yaushe aka sabunta jerin. Daga nan ta tambayi wa ya rubuta. Akawu ya shiga goge tabarau, direba ya tuna ya bar mota a rana, ni kuma na ƙura wa fankar sama ido. Mai shuɗin labule ya gyara murya, ya yanke hukunci cewa manhajar da ba ta iya bayyana kanta ba ta da amfani. Nan take aka kashe Maigadi, wallahi ina ji ina gani.

Ya rasu ya bar 'yan aike marayu, da jerin 'yan damfara da babu mai duba shi, da takardar bayaninsa, wadda ke nan da ranta cikin ƙoshin lafiya. Ya kuma bar ni, wanda ba ni da wani aiki a ginin nan sai kula da shi. Jiya na tari babban a bakin matakala, na rusuna, na ce, ranka ya daɗe, kujerata fa? Bai ɗago daga wayarsa ba ya ba ni amsa da kalma guda, irin ta marigayi. Babu.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan an tashi cin abinci, a ɗakin na'urori, inda za a goge shi daga kwamfutar da ke bayan ƙofa. Ana roƙon masu zuwa su cire takalma saboda wayoyi, kuma kada a zo da butar shayi. Ana karɓar gaisuwa a teburina, na kusa da taga, daga safiyar Litinin. Wanda ya zo ya tarar da ni, to babu matsala ce. Wanda bai tarar da ni ba, ya yi mana addu'a mu biyu.