Almakashin Ɗan Baba

"Daga Tasawa har Mayahi babu wanda ya san fim kamata. Masu yin shi ma da sun biyo ta nan, da na gyara musu kuskure."

Wannan ita ce gaisuwar Ɗan Baba, mai shagon hayar kaset a bayan tasha, zamanin da manyeto, na'urar kallon kaset, ke tashe. Mutum siriri kamar karan dawa, amma baki, wayyo, kamar lasifikar mai tallan maganin basir.

Ran nan sai ga mai unguwa, Malam Almustapha, a ƙofar shago, fuska a murtuke.

"Ɗan Baba, iyaye sun kawo kuka. Ɗiyanmu sun bar karatu sun koma karkaɗa kafaɗa irin ta rawar fim. Ko ka kawo fim ɗin da uba zai kalla da iyalinshi, ko in sa a garƙame wurin ga."

"Ranka shi daɗe, an gama! Lahadi bayan la'asar ku tara jama'a."

To, ka san abin da shashashan ya yi? Ya ari almakashin Habibu tela, maƙwabcinsa. Ya sa kaset, da ya ji ganga sai ya tsayar, ya zaro zaren, ƙyat! Ya liƙe da ƙaro.

Habibu ya ce, "Ka dai kalli labarin tukuna?"

"Kallo na ƴan ƙauye ne. Ni da kunne nake aiki."

Lahadi aka kafa tele, wato talabijin, a tsakar gidan mai unguwa. Maza a gaba bisa tabarmi, mata a baya, Inna yayar mai unguwa a tsakiyarsu. Sarkin almakashi ya tsaya gefe, hannu a ƙugu, sai ka ce shi ya ƙera manyeton.

Fim ya fara. Saurayi ya tarar da budurwa a bakin rijiya, ya ce mata sannu da aiki, ta sunkuyar da kai. Ƙyat! Sai ga ta da goyo, gogan yana yi wa jariri wasa.



Mai unguwa ya ce, "Wanga ɗa fa, na wa ne?"

"Nasu ne, ranka shi daɗe."

"Yaushe anka ɗaura aure?"

Inna ta ɗaga murya daga baya: "Ya yanke bikin, sakarai! Na ga fim ɗin ga gidan ƙanwata, har da goro da fatiha!"

Mai unguwa ya dafe hula. "Da rawa kaɗai yara ke koyo. Yanzu ga abin da ka kawo musu!"

"Ƙaramin aiki ne, kar kowa shi tashi!"

Ɗan Baba ya zare kaset ya sheƙa shago. Ya lalubo guntun bikin cikin tarin yanke-yanke, ya murɗa zaren da yatsa har inda ransa ya ba shi, ya liƙa. Ya dawo yana zufa, ƙaro har a gemu.

Aka ci gaba. Miji ya kwanta ciwo, ya cika. Mata na kuka a tele, Inna na sharar hawaye da bakin zane. Maza suka ɗauki makara, suka nufi maƙabarta. Ƙyat! Sai ga mamaci cikin babbar riga, fes da shi, yana taka rawa kusa da amarya, makaɗa na binsa.

Tsoho Baƙo, wanda bai taɓa zaman kallo ba, ya yi tsalle ya bar takalmi. "Innalillahi! Ya taso!"

Mai unguwa ya miƙe, ya miƙa hannu. "Makulli."

"Haba, ranka shi daɗe, ai ga shi an ɗaura auren!"

"Makulli, na ce."

Ɗan Baba ya ba da makullin shago. "To, yaushe za a buɗe mini?"

Inna ta gyara lulluɓi ta ce, "Yadda ka tsara, ɗana. In an dawo daga jana'izarka."