Turaren Wuta a Injin Baba

Tsohuwar motar Baba tana mutuwa da ya ɗaga ƙafa daga totur, ga shi ranar za ta kai mu biki a garin Achika. Bakanike ya ce iska take zuƙa ta wani tsagaggen tiyo, in an kara hayaƙi zai nuna wurin. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na ƙudura sai na gano shi.

Baba na danne totur da dutse ya bar ta a kunne, na cika kaskon Umma da turaren wuta, na tura ƙarƙashin injin, na ƙura ido. Sai maƙwabcinmu ya hango hayaƙi.

"Gobara! Jama'a, ruwa!"

Injin ya sha wanka. A adaidaita muka je bikin.

Har yau yayana kan nuna motar ya tambaye ni, "Injiniya, an gama turara amaryar? Yaushe za a kai ta?"