Yadda Ake Noman Furen da Ba a Miya da Shi

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don a aji huɗu na tsaya, kuma ko a gidan biki bayan ƙyaure nake zama. Amma ɓoye ilimi ba kyau. Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari cikin wata biyu tsakar gidanki zai koma na Bature, tukunyarki kuma ta samu hutu.

1. Ki samu miji wayayye

Nawa Iliyasu, malamin gona ne a Birnin Kudu. Shekarar da arzikin fetur ya buɗe, aka tura shi kwas Kano, ya dawo da iri a 'yar takarda, wai kalandula. Fure ne ruwan ɗorawa, yanka shi ake a sa a kwalba.

2. Ki ba da wuri

Ba inda ya fi gindin rijiya, wato inda yakuwarki da alayyafonki da barkononki suke. Yana tuge su, ke ki riƙe masa kwando. Ci gaba ba ya son gardama.

3. Ban ruwa

Guga ashirin da safe, ashirin da yamma. Wannan naki ne. Nasa shi ne ya goya hannu a baya ya ce, "Madalla."

4. Yanka

Da sassafe, kafin furen ya gama buɗewa. Ki zage ganyen ƙasa, ki tsoma a kwalbar ruwa, ki ɗora a tebur. Kullum a sake ruwan, in ba haka ba ya yi wari. Ni na kwana huɗu ban sake ba.

5. Ki shirya wa baƙi

A rana ta huɗun ne gwaggonsa Kubra ta zo daga Maruta. Ta ga ganye a kwalba, ta ɗauka jiƙo ne, ta yi bisimilla ta kurɓa.

"Kai Iliya, wannan na shawara ne ko na basir?"

"Gwaggo, ba sha ake ba. Kallo ake."

"Kallo? Yarinyar nan take tsinka hannu a rijiya don kallo? To miyar fa?"

"Zamani ne, Gwaggo. Ido ma yana da nasa abincin."

"To, Allah ya ƙosar da shi."

Gargaɗi

Duk wadda ta bi wannan, cikin baƙuwarta ya ɓaci ko miyarta ta yanke, babu ruwana.

Washegarin zuwan Gwaggo da safe na ɗumama tuwo, na kai wa Iliyasu gaya, na yanko fure uku masu kyau na ajiye a inda kwanon miya yake zama. Na durƙusa na ce, "Bisimilla, Malam."