Ƴar Alhaji Sallau Ta Zo Ta Ɗaya

Duk Damagaram babu mai kishin lafiyar yara kamar Alhaji Sallau. Shi da kansa ya sha faɗa. Kayan babur yake sayarwa a kasuwar Dole, amma tun da aka zaɓe shi shugaban iyayen yara a lakwal, wato makarantar bokon unguwarsu, tafiyarsa ma ta canja. Ya taɓa raka ƙanensa cirar haƙori, ya tsaya a bakin ƙofa. Daga ranar nan samarin unguwa suka laƙaba masa Dokotoro, wato likita. Bai ji zolaya a ciki ba, har ya sa an rubuta a jikin shagonsa.

Ranar da likitar haƙora, Madam Rahina, za ta duba yaran lakwal, Alhaji ya riga ta zuwa, cikin babbar riga mai sitaci. Ba a ba shi magana ba, ya karɓa.

"Haƙori ginshiƙin ƙasa ne!" in ji shi. "Al'ummar da ba ta tauna ba ta ci gaba. Ni a gidana ba a san ciwon haƙori ba."

Malamai suka tafa da ƙarfi, don rana ta yi zafi.

Likita ta bayyana wa iyaye cewa za ta kasa yaran gida uku. Na uku, su ci gaba da aswaki ko buroshi safe da yamma. Na biyu, su rage zaƙi, ta sake ganinsu bayan wasu watanni. Na ɗaya, waɗanda haƙoransu ke cikin haɗari, a shafa musu magani yau, a kai su asibiti. Alhaji bai ji ko ɗaya ba. Yana bayan bishiya yana yi wa wani direba ihu a waya kan tayoyinsa da suka maƙale a Matamaye.

Ya dawo daidai ana cewa, "Raudatu Sallau, rukuni na ɗaya."

"Allahu akbar! Jini ba ya ƙarya!"

Nan take ya aika kanti aka kwaso alawa, ya bi layi yana danƙa wa kowane yaro da hannunsa mai albarka. Ya tsaya kan maƙwabcinsa Malam Nasiru, mai sayar da gero, wanda ɗansa ya faɗa rukuni na uku.

"Sai haƙuri, Malam. Ba kowane gida ke fitar da na ɗaya ba. Ku dage."

Madam Rahina ta fito daga aji ta tarar da kumatun yara duk sun cika.

"Alhaji, murnar me ake yi? Na ɗaya su ne waɗanda haƙoransu suka fi ruɓewa. Na Raudatu sun yi rami. In ba a kawo ta da wuri ba, sai cirewa."

Raudatu ta ɗago, hannunta a kunci.

"Baba, ai tun azumi nake gaya maka yana ciwo. Sai ka ba ni alawa ka ce in yi shiru."

Alhaji ya gyara murya. "Na sani mana. Gwada iyaye nake yi." Ya ba da umarni a yi maza a karɓe alawar. Yara sun riga sun haɗiye, suka miƙo masa ledojin cikin ladabi.

Ya kama hannun ƴarsa ya nufi ƙofa. Malam Nasiru ya matsa ya ba shi hanya.

"Allah ya ba ta lafiya, Dokotoro," ya ce. "Mu kam na ukun ya ishe mu."