Yadda Shekarau Ya Kwashe Kayan Inna

A Rafin Kanya, gida na ƙarshe kafin a kama hanyar dutse, mutum uku ne ke zaune. Akwai Baba Nomau, wanda idonsa ya yi rauni, kuma tun rasuwar matarsa ba ya fita sai masallacin Juma'a. Akwai 'yarsa Uwani, mai ɗinki, wadda kekenta ke ciyar da gidan. Sai ƙaninta Shekarau, ƙato mai ƙarfi da ladabi, ya iya karatun Hausa sarai, ba ya musu, ba ya mantuwa. Aibinsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Yawancin mutane rabin magana suke ji, su cika sauran da hankalinsu. Shekarau yana jin magana duka, ya bar hankalinsa ya huta.

Abin da gidan ya fi ji da shi ba ya cikin gidan. Shekarun da Uwani ta yi tana koyon ɗinki a Funtuwa, Inna, mahaifiyarsu, takan ari wayar maƙwabta ta aika mata saƙon murya: faɗa, nasiha, labarin akuyar da ta haihu, yadda ake dafa kalwa ta zama daddawa, wani lokaci waƙa tana daka. Wayar Uwani ƙarama ce, hotunan ɗinki sun cika ta, sai ta kama wuri a ma'ajiyar intanet ta wani kamfani, ta zuba muryoyin Inna da hotunanta a can. Duk wata ana cirar kuɗi daga asusunta. Da yadi da zare suka yi tsada, ta ga ba za ta iya ba. Ta yi wa Shekarau bayani daidai fahimtarsa: "Kamar ɗakin haya ne, za mu daina biya." Abin da ba ta sani ba shi ne, kamfanin nan da an daina biya yake goge abin da ya tarar a ɗakin. Ga shi a Rafin Kanya waya ba ta samun sabis sai a kan dutse, ita kuwa ɗinkin salla ya ɗaure ta a keke.

Wata rana ta miƙa masa wayar ta ce, "Ka hau dutse, ka danna nan inda aka rubuta Soke." Ya hau, ya danna. Wayar ta tambaye shi, "Ka tabbata?" Shekarau ya zauna a kan falalen dutse ya yi nazari. Tun yana ƙarami Baba ya hana shi cewa ya tabbata da abin da bai gani da idonsa ba, shi kuwa bai taɓa ganin ɗakin nan ba, ko ƙofarsa. Ya danna A'a, ya sauko zuciyarsa fes.

"An gama?" in ji Uwani, bakinta da allura.

"Ta tambaye ni ko na tabbata."

"Sai ka ce me?"

"Na faɗa mata gaskiya, Yaya."

Ta cire allurar a hankali. "Gobe duk abin da aka tambaye ka, ka ce e. Ka ji ni? E."

Wata rana, wato washegari, ya sake hawa. "Ka tabbata?" E. "Kafin ka tafi, kana son wuri mafi girma a rabin farashi?" E. Wayar ta yi masa godiya har da hoton fure, abin da ya sa ya ji ya kyauta. A hanyar saukowa Jatau mahauci ya tambaye shi ko zai riƙe masa sa a kayar, ya ce e. Kaka Delu, tsohuwar da ke kiransa angonta tun yana rarrafe, ta leƙo ta danga ta ce, "Angona, gobe ne kawo sadakin?" Ya ce e. Ta ce, "To kafin nan za ka faskara min itacen nan?" Ya ce e. Bai iso gida ba sai da rana ta yi ja, rigarsa duk kashin shanu da ɓawon itace. Uwani ta karanta saƙon cirar kuɗi sau biyu, ta dafe kai.

"Na aike ka ka saki ɗaki, ka kamo mana gida guda!"

"Ragi suka yi mana, Yaya. Mutanen kirki ne."

Daga ɗaki Baba ya ce, "Uwani, ki bi shi a hankali." Ta bi shi a hankali. Ta ce ko me suka yi masa tayi ya ƙi. Ta ce za a turo wata lamba ta sirri, kuma akwai 'yan damfara a duniya, kada ya kuskura ya ba kowa ita.

Wata rana ya hau, ya ƙi tayin farko, ya ƙi na biyu, ya ƙi tayin zaman wata guda kyauta. Lambar ta shigo. Sai wayar ta ce ya rubuta mata lambar a wani fili. Shekarau ya yi murmushin wanda ya gane tarko. Ya haddace lambar, ya goge saƙon, ya kife wayar a aljihu. Da Uwani ta ce ya faɗa mata mece ce, ya ce, "Kin ce kowa." Ta roƙa, ta yi faɗa, ta yi masa alkawarin sabuwar riga. Har yau lambar tana kansa, ba wanda ya ji ta, kodayake ta daina aiki tun kafin ya sauko daga dutsen.

Wata rana Tanimu mai cajin waya ya zo karɓar kaftaninsa, ya ji labarin a zaure, ya yi dariya har ya share hawaye. Daga nan ya daina dariyar. "Hajiya Uwani, kin kwashe abin da ke ciki kuwa? Da ya soke, da yanzu babu muryar Inna ko ɗaya. Ki sami memori ki juye tukuna." Ranar kasuwa Uwani ta aika aka sayo mata memori mai araha a wurin wani mai talla a bakin tasha, ta kira Shekarau ta zaunar da shi kamar za a yi masa huɗubar aure.

"Ka tuna shekarar da ruwa ya ci mana ɗaki, muka kwashe kaya muka kai ajiya?"

"Na tuna."

"To haka za ka yi. Ka kwashe kayan Inna duka, ka share ɗakin, sannan ka soke. Ga memori. Lamba kuma in ta zo, ka ba wayar, na yarda."

A kan dutse Shekarau ya dubi memorin a tafin hannunsa. Bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ya ga rashin kunya ne a cusa Inna a nan, ya soke shi a naɗin hularsa. Sannan ya tuna shekarar ruwa, ya tuna ta daki-daki, don shi ya yi dakon. Tukwane gidan Kaka Delu aka kai, tabarmi gidan Jatau, keke gidan Liman. Ba gidan da aka ɗora wa kaya duka, don kada a takura wa mutane. Sai ya buɗe sunayen da ke cikin wayar, ya fara rabo. Wannan murya ɗaya, wancan hoto biyu, mai babban gida a ƙara masa. Bai tsallake kowa ba, har mai sayar da zare na Funtuwa. Da ya gama ya share ɗakin tas, ya share saƙonnin da ya tura don kada shara ta biyo shi gida. Ya leƙa, ya ga wayam. "Ka tabbata?" in ji wayar. Karon farko ya danna E da zuciya ɗaya.

Uwani ta sa memorin a waya ta tarar ba komai. Ta tambaye shi ina kayan, ya ce, "Suna ajiya." Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta bar keke, ta hau dutsen da kanta tana haki, ta buɗe ma'ajiyar, ta ga an soke, ta ga babu ko hoto ɗaya. Ba ta yi faɗa ba, wanda hakan ya fi damun Shekarau. Kwana biyu keken bai yi ƙara ba. Baba da ya ji, cewa ya yi kawai, "Allah ya ji ƙanta," ya juya fuskarsa bango.

Sai ranar kasuwa ta zagayo, mutanen Rafin Kanya suka shiga gari da wayoyinsu, sabis ya kama su. Da la'asar aka fara sallama. Jatau ne na farko, yana tambaya me ya haɗa mahauci da yadda ake daddawa. Liman ya aiko matarsa ta ji ko da wata manufa aka tura masa hoton marigayiya tana wa akuya wanka. Uwani ta rasa inda za ta sa fuskarta, tana ta ba da haƙuri, kafin ya faɗo mata a rai cewa ashe kayan Inna suna nan a wayoyin mutane, ta tsaya cak. Tana tsaye haka Kaka Delu ta shigo ba sallama, wayar jikarta a hannu, ta danna. Muryar Inna ta cika tsakar gida, ga ƙarar taɓarya a bayanta, tana wa Uwani faɗan kada ta riƙa kwana da yunwa. A tsakiyar faɗan ta juya ta ɗaga murya: "Malam, tuwon nan fa zai huce!"

Labulen ɗaki ya motsa. Baba ya fito yana lalube bango. "Wannan ban taɓa ji ba," in ji shi. "A sake."

Da yamma Tanimu ya gwada memorin. Ya juya masa waƙa, ya cire ya mayar, waƙar ta ɓace. Ya sake, ta sake ɓacewa. "Jabu ne," ya ce. "Da nan aka zuba, da an yi asarar duka." Uwani ta dubi ƙaninta, wanda ke zaune yana cin gyaɗa.

Ta so a bi gida-gida a tattaro. Shekarau ya ce shekarar ruwa ba a karɓo kaya ba sai da aka gina sabon ɗaki. Baba ya ce yaron ya yi gaskiya, kafin nan shi zai riƙa zuwa dubawa. Tun daga ranar, da an yi la'asar, Shekarau yakan riƙe masa sanda su fita. Yau gidan Jatau a ji daddawa, gobe gidan Kaka Delu a ji tuwon da zai huce, a kawo musu fura, a daɗe ana hira. Tsohon da ba ya fita sai Juma'a ya zama sai an nemo shi cin abinci. Tanimu ya samo memori na gaske, Uwani tana juyewa kaɗan-kaɗan, amma ba gidan da ya goge nasa.

Wata rana tana ɗinki ta ɗago kai. "Shekarau, ka tabbata ba ka bar komai a ɗakin nan ba?"

"Na tabbata, Yaya," in ji shi, yana miƙa wa Baba takalmi. "Wannan karon na gani da idona."