Ɗan Leƙen Asirin da Aka Ce Ya Dawo Gobe

Jiya wuni na yi a kan wani gurgun benci a ƙofar Kwamitin Kare Martabar Manya, har ƙuguna ya fara yi mini Allah ya isa. Jikata ce ta ja mini. Littafin barkwanci ta rubuta, aka kwashe shi daga shaguna, wai sai kwamiti ya zauna. Mai ɗab'i kuma ya rantse in ba a sake shi ba, masu ƙunshe kaya a kasuwa zai sayar wa ragowar. Yarinya ko abinci ta daina ci.

Ga labarin da ke cikin littafin. Wata ƙasa ta turo gwanin ɗan leƙen asiri ya sato sirrin wata ma'aikata. Ya iso da gemun roba da kyamara a maɓallin riga. Ya tarar mai gadi na minshari, akwatin sirri a buɗe, ba komai ciki sai cokali da warin silifas. Oga kaɗai ya san inda takardu suke, oga kuwa yana taro. Haka bawan Allah ya yi ta zaman benci ana ce masa ya dawo gobe, har gemun gaske ya tsiro a ƙarƙashin na roba.

Masu sharhi a jarida, waɗanda ko hamma za su yi sai sun gyara tabarau, suka ce an cika gishiri, hankali ba zai ɗauka ba. Mai Girma Shugaban Kwamiti kuwa, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya ce an tona asirin tsaron ƙasa. Na koyar har na yi furfura, ban taɓa jin maganar da ta zama ƙarya kuma ta zama tonon asiri ba. Su daidaita bakinsu mana!

Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya ce, "Mama, ai dabarar tsaro ce. Abokin gaba ya zo, ba kowa a ofis, wa zai yaudara?"

Na ce, "To a ba su lambar yabo, in an same su."

Can da yamma na leƙa cikin ofishin kwamitin. Sakatariya ta sunkuyar da kai ƙarƙashin tebur, kafaɗunta na rawa, tana share hawaye. Haramtaccen littafin ne a cinyarta.

"Mama, don Allah," in ji ta, "a ƙarshe yana ganin ogan?"

"'Yar nan, ke za ki faɗa mini. Yana ciki?"

"Yana taro. Ki dawo gobe."

A hanyar gida na shafa haɓata. Da sauƙi tukuna, amma dai na tsaya na sayi reza.