Manoma Ɗari Biyu, Imel Ɗaya

"Lahiya lau munka kwana, bawana," in ji Bashira. "Cire takalmi, nan ofis ne, ba bakin gulbi ba."

"Ofis! Ɗakin da akuya ta haihu ciki bara? Ina gajiya, mai goshin turmi?"

Ni ina baranda da keken ɗinkina, komai a kunnena aka yi shi. Bashira ce sakatariyar ƙungiyar manoman shinkafa ta Bagudo, Zayyanu kuwa taubashinta ne, ɗan gwaggonta, shi ke yi wa mambobi rajista ƙauye-ƙauye a shafin ƙungiya. Mako biyu Bashira ta yi tana zaɓen manhajar da za ta riƙa tura wa mambobi labarai ta imel, ta hana kowa sakat. Har gaban dattawa ta tsaya ta ce a daina shela, saƙo zai kai ga kowa cikin minti ɗaya. To gobe da safe ake rabon irin shinkafa, wanda bai zo ba ya rasa na bana. Sanarwar kuwa jiya da la'asar ta tura.

"Zo ka ga ilimi," in ji Bashira, ta juyo masa da kwamfuta. "Manhaja huɗu na gwada. Wata sai da katin banki, wata ba ta ɗaukar haruffan Hausa masu ƙugiya. Wagga na zaɓa, kyauta ce. Latsawa ɗaya, har mutanenmu na tsallaken Benin sun ji."

"Kai, madalla! Ke da ko tuwo ba ki iya zaɓen na ƙasan tukunya ba."

"Kai da ka ci jarrabawa don malam ya gaji da ganin kanka? Dubi nan. Waɗanda sunka buɗe saƙo: ɗari bisa ɗari!"

"Allahu Akbar. Ɗari bisa ɗari na mutum nawa?"

Ta latsa. Ta sake latsawa. Wallahi sai da na tsai da keke, na kasa kunne.

"Uku," ta ce a hankali. "Mi ya sa uku? Mambobinmu ɗari biyu da sha huɗu!"

"Ke, da shugaba Alhaji Attahiru, da ni mai daraja."

"Sauran fa?"

"Duk ni ne."

"Zayyanu, mi ka yi?"

"Aikin da kinka sa ni. Na je Kende, fam ɗinki na rajista ya ƙi wucewa sai an sa imel. Na tambayi Baba Ango nashi, ya ce mi ake ci da shi. Na yi mai bayani, ya ce, 'To sa naka, in ta zo ka gaya min, ba haka ake wasiƙa ba?' Mutanen Sharabi haka, na Lafagu haka. Na tsallake kuwa cewa sunka yi wayarsu yau tana Najeriya gobe tana Benin, gara tawa. Da in yi wa dattawa gardama, ai gara in sa."

"Sau ɗari biyu ka rubuta adireshi ɗaya, hannunka bai yi nauyi ba?"

"Ya yi mana. Har tausa na nema."

A nan ne Bashira ta ba ni tausayi. Ta dafe kai, idonta ya ciko. "Gobe ba mai zuwa. Mutane su rasa iri saboda ni. Da wane ido zan kalli dattawa?"

Zayyanu ya zauna bakin tebur yana kaɗa ƙafa, ɗan banza.

"Share hawaye, kar ki jiƙa kwamfutar mutane. Saƙo na shigowa jiya na hau babur. Kende da Sharabi sun ji kafin magariba, Lafagu yau da sassafe. Na tsallake kaɗai sunka rage, yanzu za ni."

Ta ɗago ta dube shi. Sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba.

"Allah ya isa, Zayyanu! Shi ne ka bari raina ya kusa fita?"

"Ina son in ga goshin ya sauko."

Ta jawo kwanon abincinta, shinkafa da soyayyen kifi, ta tura masa. "Ungo, ka ci wasan yau. Amma in dattawa sun tambaya yadda anka yi?"

"Ki ce manhajarki ta yi aiki, ɗari bisa ɗari. Mako mai zuwa mu zauna mu buɗe wa 'ya'yansu imel. Ba mai jin wanga zance a bakina."

Ya rungumi kwano ya fito, ya wuce ta gabana yana suɗe yatsa. Su biyun sun manta da tela a baranda, ni kuwa babu wanda ya rantsar da ni.